Ranar da Dattawa Suka Tura Motar Lantarki

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka kai ƙanwata Hafsatu ɗakin mijinta ba, kuma ko na so in manta, Kawu Sule ba zai bari ba.

A lokacin na zama mai wa'azin hayaƙi. Ofis ya tura mu taron bita kan gurɓatar iska, na dawo unguwarmu Limancin Kona na hana kowa sakat. A majalisa, a wajen mai shayi, magana ɗaya ce: zamanin fetur ya wuce, sai motar lantarki. Wanda ya fi shan bakina shi ne Kawu Sule, ƙanin mahaifiyarmu, mai wata akwalar mota da in ya tayar da ita sai an rufe tagogi a lungunmu. Na taɓa ce masa a gaban mutane motarsa ta fi murhun ɗanyen itace hayaƙi. Murmushi kawai ya yi.

Da biki ya zo, na rantse ba za a ɗauki ƙanwata a akwala ba. (Ni kaina mashin gare ni, shi ma na fetur, amma wannan ba ya cikin wa'azin.) Madam Rifkatu, abokiyar aikina 'yar Wusasa, ta ba ni aron motarta ta lantarki. Tana miƙo makulli tana cewa, "Malam, don Allah ka yi mata caji kafin ranar." Na ce, "Haba Madam, ni za a gaya wa?"

Kwana biyu ba a kawo wuta unguwarmu ba. Ranar kai amarya na ga alamar caji ta yi ja, sai na yi lissafin mai mashin: in allura ta taɓa ja, ai akwai saura a gindin tanki. Gidan ango nan Kufena ne, kuma an ce mu isa kafin magariba.

Amarya ta shiga baya tana kuka cikin lulluɓi, Gwaggo Asabe a gefenta. Mata suna guɗa. Ni ne a gaba ina hura hanci, motoci a bayana, ta Kawu kuwa na tura ta can ƙarshe. Muna tsakiyar wani matsattsen lungu mota ta mutu. Da yake da ma ba ta da ƙara, ni kaɗai na sani.

"Lafiya ka tsaya?" in ji Gwaggo.

"Akuya ce za ta wuce, Gwaggo." Wallahi ko kaza babu a lungun.

Aka fara hon. Maza suka fito, wani ya ce, "Batir ne? A tura ta mana!" Kafin in buɗe baki, dattawa sun naɗe manyan riguna, har da baban ango da hawan jininsa. Kawu Sule ya leƙo taga: "Sa ta a giya biyu, in ta ɗau gudu ka saki kulochi!"

Jama'a, motar nan ba ta da kulochi. Na sani sarai ko Kaduna za su kai ta da turi ba za ta tashi ba. Amma kunya ta ɗaure mini baki. Suna turi suna ihun "Saki! Saki!" ni kuma ina ɗan taka birki don ta girgiza kamar za ta kama. (Allah Ya yafe mini, sau uku na yi haka.)

Sai kukan amarya ya tsaya cak. Daga cikin lulluɓi na ji, "Yaya, don girman Allah ka gaya musu gaskiya. Za ka kashe mini suruki tun ban shiga gidan ba."

Na fito gumi sharkaf na faɗi gaskiya. Kawu ya goge fuska da hularsa ya ce, "To ɗana, me take sha?"

"Wuta, Kawu."

"Akwai janareta a gidana. Sai dai fetur yake sha, kuma yana hayaƙi. Ba zai dame ka ba?"

A akwalarsa Hafsatu ta isa Kufena, ana kiran sallah. Washegari kuma janaretansa ya wuni yana turnuƙe lungu kafin motar Madam ta farfaɗo.

Har yau ina nan kan bakana, iska mai tsabta ta fi. Amma yanzu kafin in fara wa'azi, sai na ɗaga kai na duba ko an kawo wuta. Kawu kuwa ya daina tambayata ya aiki. Duk inda muka haɗu, ko a gidan gaisuwa ne, sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ɗana, ka saki kulochin?"