Telan Da Ya Tuɓe Wa Masara Riga

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so mantawar dangin matata ba za su bari ba. Ni tela ne a Tambuwal, keken ɗinki na sani, gona kuwa sai dai na hango ta daga kan babur. Lokacin ina neman auren Hadiza a Fakku, aka ce mini in ina son babanta ya ɗauke ni mutum, in je in taya shi aikin gona.

Na iske masara ta nuna, ana jiran ta bushe a kan kara, ga ruwan ƙarshen damina bai ɗauke ba. Baffanta, ƙanen baban, ya ba ni kuyya biyu, wato layi biyu na masara, a gefe, ya ce in riƙa lanƙwasa goyon yana kallon ƙasa. Ya tafi. Ni kuma hikima ta motsa (wallahi har murmushi na yi). Na ce abin da ake son ya bushe, ina dalilin barinsa a dunƙule? Na bi goyo ɗaya-ɗaya ina yage ɓawon, ƙwaya ta fito fes tana shan rana. Da na gama nawa, don neman suna, na ƙara da na maƙwabta.

Bayan an yi kwanaki ana ruwan sama sosai aka aiko kirana. Na sa sabon yadi, a zatona maganar sa rana ce.

A zaure na tarar da dattawa, gabansu tabarma, a kanta masarata ta yi funfuna kore-kore da baƙi-baƙi, tana wari. Baban Hadiza ya sunkuyar da kai don kunyar surukuta. Baffa ne ya ɗauki wani goyo mai ɓawo, ya ɓare, ƙwaya fara tas.

"Ka gani? Ɓawon ga shi ka tare ruwa da tsutsa, funfuna ba ta samun ƙofa. Wagga taka kau ko kaji ba mu ba, guba ce. In saniya ta ci, har nono sai ta bi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yaro, mi ne sana'arka?"

"Ɗinki, Baffa."

"To kai da ka ɗinka ma mutane sutura, mi masara ta yi maka ka tuɓe mata tata?"

Zauren ya kwashe da dariya. Daga cikin gida ma na ji wata dariyar, kuma na san muryar. Gumi ya jiƙa sabon yadin, na tabbata auren ya ruɓe tare da masarar.

Allah ya sa an ba ni ita, da sharaɗin kada in sake taka gonarsu. Darasin da na koya: abin da na tarar Allah ya rufe, sai na tambaya kafin in buɗe. Har gobe in an kawo ɗanyar masara gidana, Hadiza kan ce wa yara, "Ku kai wa babanku ya ɓare, fanninsa ne."