Yaƙin Sarkin Totur da Kulocin da Ya Ƙi Saki

Da sunan Allah wanda ya halicci mai sauri da mai nawa, ya auna wa kowa ƙafa gwargwadon rabonsa. Bayan haka, wannan tarihin gwarzo ne, Tukur ɗan Mati direban tirela, wanda bai taɓa ganin ƙeyar mota a gabansa ya ƙyale ta ba. Jikan Barau Mai Jakai, wanda ya koro garken jakuna daga Bakori har Funtuwa ba tare da ko ɗaya ya tsaya cin ciyawa ba. Shi ne Sarkin Totur, aradu mai tarwatsa kajin unguwa, hadarin gabas mai salansa biyu, wanda Allah ya tara masa tsawonsa duka a zuciya, bai bar wa ƙafafu komai ba sai kaɗan. Da safe ƙanƙara yake sayarwa a bakin tasha.

Yana da wata jar mota mai ƙofa biyu, tsohuwa amma mai zuciya, wadda ya raɗa wa suna Damisa. Duk Asabar bayan la'asar, mazajen gari kan hallara a wata miƙaƙƙiyar hanya da aka daina bi, bayan tsohon kamfanin auduga. A nan ake jera mota biyu a bayan layin toka. Kowane direba ya danne kuloci, ya sa giya, ya taka totur har inji ya yi kururuwa, yana jiran tuta ta faɗi ya saki ƙafa. Wanda kuwa tayarsa ta taɓa toka kafin faɗuwar tuta, ya fita. Alƙalin fagen shi ne Malam Jatau, tsohon ɗan sanda mai ba da hannu, mutumin da ya shekara talatin yana tsayar da motoci, bai kuma taɓa yafe wa wadda ta motsa ba.

Musiba ta sauka ne a ranar da Tukur ya sayo sabon kulocin tsere daga Kaduna, mai tauri kamar zuciyar azzalumi, domin ya karya alkadarin abokin gabarsa Nazifi Guguwa. A cikin gari Damisa lafiya lau. Amma da zarar an hau layi, inji ya ɗauki zafi, allurar mita ta haura ja, sai ta fara rarrafe gaba a hankali, kamar akuyar da ta hango dusa, alhali ƙafar Sarki na kan kuloci. Taya ta taka toka, Malam Jatau ya busa usur. Asabar ta zagayo, aka sake. Masu rake da masu gyaɗa suka fara kiransa Ɓarawon Layi, sunan ya bi shi har bakin tasha, har masu sayen ƙanƙara na tambayarsa ko yau ma ya riga tuta.

Malam Jatau ya kira shi gefe ya yanke hukunci. "Tukur, ubanka abokina ne. Amma in ka ƙara taka min toka, ka koma cikin 'yan kallo har abada."

Sai aka kira majalisar yaƙi a garejin Bawale bakanike, Wazirin Sifana, Galadiman Ƙarƙashin Mota, dogo kamar giginya, wanda baƙin mai ya rina tafin hannunsa tun zamanin ƙuruciya. Waziri ya zagaya Damisa, ya saurari numfashinta, ya ce iska ce ta shiga man kuloci. Aka ɗaura ɗamarar yaƙin farko. Ya kwanta a ƙasa yana ba da umarni irin na manyan kwamandoji: "Taka. Riƙe. Saki. Taka." Aka zubar da mai har ƙasa ta ƙoshi. Waziri ya shiga ya gwada, ya taka totur har kwanon rufin gareji ya yi rawa, Damisa ta tsaya cak kamar dutse. Aka yi kabbara. Sarki ya shiga ya gwada, ta rarrafa ta ture bokitin wanki.

A yaƙi na biyu aka sauke giyabos ɗungurungum, aka fito da farantin kuloci aka ɗaga shi ga hasken rana kamar garkuwar da aka ƙwato daga abokan gaba, aka duba ko ya karkace, aka goge, aka shafa, aka mayar. Waziri ya gwada, dutse. Sarki ya gwada, akuya. A yaƙi na uku aka sauya famfon kuloci na sama da na ƙasa, aka sauya tiyo, aka sauya abin da ko Waziri bai san sunansa ba. Sakamako bai sauya ba. Daga nan Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ranka ya daɗe, wannan ba aikin sifana ba ne. Akwai hannun mutane." Aka kawo garwashi aka turara motar da habbatussauda har ƙudajen gareji suka yi ƙaura.

Ana cikin wannan hayaƙi sai ga Tasalla, matar Sarki, ta gaji da jira ta kawo masa ɗanwake da kanta, domin tun da yaƙi ya ɓarke bai ci abincin rana a gida ba. Ta same shi a cikin mota, kishingiɗe can baya kamar basarake a kan karaga, ya ƙanƙame sitiyari da 'yan yatsu, inji na ruri. Ta leƙa ta taga, ta dubi ƙasa, ta jira ya kashe.

"Baban Safiya, da babban yatsa kake dannawa?"

"Ke, wannan sha'anin maza ne."

"To. Ni dai na ga ƙafarka ba ta kai ƙasa ba. Ga ɗanwake, kada ya huce."

Waziri ya dubi dogayen ƙafafunsa, ya dubi na Sarki, ya kawar da kai cikin ladabi. Ashe tsohon kuloci mai sauƙin hali ne, ko rabi aka taka sai ya saki. Sabon kuwa ba ya karɓar rabin biyayya, sai an kai shi ƙasa, in ba haka ba da inji ya ɗau zafi sai ya kama ya ja. Kujera kuma ba ta matsowa, domin Sarki da kansa ya sa aka yi mata walda a can baya, kada wani ya ce ya manne da sitiyari kamar ɗan koyo.

Da haka aka ƙulla sulhu da matashin kai. Tasalla ta ba da aron nata na falo, ruwan hoda mai furanni da geza, bisa sharaɗin kada ɗigon baƙin mai ya taɓa shi. Aka jingina shi a bayan Sarki. Ƙafa ta kai ƙasa. Damisa ta tsaya.

Ranar gwabzawa, fage ya cika ya batse, har da waɗanda suka hau katangar kamfani. Nazifi Guguwa ya jera baƙar motarsa, ya leƙo yana murmushi. "Sarki, yau dai a daure a jira tuta."

"Yau ko ni ko toka," in ji Tukur.

Ya danne kuloci da dukkan ƙarfin da ya gada daga Mati da Barau, ya sa giya, ya taka totur. Injuna biyu suka yi tsawa, ƙasa ta girgiza, balbelu suka tashi daga kan bishiyoyi, mai rake ya dafe tirensa. Malam Jatau ya ɗaga tuta, idonsa a kan tayar Damisa. Ba ta motsa ba.

A daidai wannan lokaci wani amalanken shanu ɗauke da buhunan auduga ya shigo tsakiyar hanya, can gaba, yana tafiya irin ta wanda ba a jiransa a ko'ina. Tuta ta tsaya a sama. Nazifi ya sassauta ƙafa ya huta. Amma Sarkin Totur, wanda ya sha ɗacin usur sau biyu, ya rantse a ransa ba zai ɗaga ko farce ba. Ya danne, gumi na zuba, cinya na rawa, jijiya na ɗaurewa, har shanu suka gama shawara suka haye.

Tuta ta faɗi. Guguwa ya fita kamar kibiya. Sarki ya umarci ƙafarsa ta hagu ta saki, ƙafa ta ƙi. Jijiya ta riƙe ta tun daga ƙugu har diddige, ta sandare kamar taɓarya. Damisa na ihu a kan layi, Nazifi ya kai ƙarshe, ya juyo, ya dawo, ya sayi rake.

Waziri ne ya zura hannu ya kashe inji. Maza huɗu suka ciro Sarki da ƙafa a miƙe, suka kwantar da shi a inuwa, aka aika neman man zafi. Da ya buɗe ido, Malam Jatau ya fara gani tsaye a kansa.

"Baba, ta motsa?"

"Ko kaɗan."

"Alhamdu lillahi," in ji Sarkin Totur, ya lumshe ido.