Ƙafar Amarya a Gaban Bagadi

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin nan ta kafin bikin Ista ba, ko da na so mantawa abokina Pam ba zai bar ni ba.

Ni dilan dankalin turawa ne. A kasuwa Oga ake ce mini, kuma in na yanke farashi ba mai ƙara magana. Amma ina da matsala guda da ba a gani: faso. Dugadugaina sun tsage kamar busasshen kududdufi. Maman Nanret, matata, ta kai kukana wurin maƙwabciyarmu Hajiya a nan Nasarawa Gwom. Hajiya ta ce, "Lalle za ki ƙunsa masa, shi ke nan." Na yarda, tunda kullum cikin safa da takalmi nake. (Abin da ba a gaya mini ba, lallen ragowar na bikin 'yar Hajiya ne, mai kamawa sosai.) Da aka kwance ledar, sai ga ƙafafuna jajir har idon sawu.

Washegari katikis, mai taimaka wa Fada limamin cocinmu, ya same ni a rumfa. Ya ce an sa ni cikin mutum goma sha biyun da Fada zai wanke wa ƙafa ranar Alhamis, kamar yadda Yesu ya yi wa almajiransa. Na daɗe ina jiran wannan girma. Nan take na amsa, har na shelanta wa 'yan kasuwa. Sai da na koma gida na cire safa, na tuna da lallen.

Na goga da dutse, na goga da lemun tsami. Ƙafar sai ƙara kyau take yi.

"Ki ce musu zazzaɓi ya kama ni," na ce wa matata.

"Ƙarya a makon nan mai tsarki, Baban Nanret? Bitrus almajirin Yesu ma ya ce ba za a wanke tasa ba. Ka tuna abin da aka ce masa?"

Na tuna, Yesu ya ce masa: in ban wanke ka ba, ba ka da rabo da ni. Haka na tafi.

Coci ya cika maƙil. Aka jera mu a benci gaban bagadi, inda Fada ke jagorantar sujada, muna fuskantar jama'a. Kusa da ni Pam ne, abokina kuma abokin hamayyata a kasuwa, mutumin da bai taɓa riƙe sirri ya kwana ba. Kowa ya tuɓe takalmi, ni ina zaune da safata kamar an manna mini ita.

"Oga, safar za a wanke?" in ji Pam.

Fada ya iso da tasa da tawul, ya durƙusa. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, ga shi a ƙasa yana jirana. Na dubi ƙofa, na dubi furfurarsa. Na cire.

Matan ƙungiyar zumunta ta coci da ke layin gaba suka fara toshe baki da gefen zani. Wata ta kasa, ta saki guɗa ƙasa-ƙasa. Pam ya raɗa mini, "Amarya, ba a gayyace mu ba?"

Fada bai ko ɗaga gira ba. Ya riƙe ƙafar da hannu biyu, ya zuba ruwa, ya share a hankali har cikin tsagun. Sannan ya ce yadda ni kaɗai zan ji, "Yana maganin fason kuwa?"

"Yana yi, Fada."

"To, ka turo mini. Nawa ya fi naka."

Na je ne don a ga babban mutum a gaban coci, aka ga ƙafata yadda take, kuma aka wanke ta a haka. Tun daga ranar na rage cika baki wajen addu'a, don Yesun da ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa ya riga ya san abin da ke cikin safa.

Har yau a kasuwa Amarya ake kirana. Ina amsawa. Farashi dai ba na ragewa.