Yadda Ake Tace Gahawa da Matacin Ƙarfe Don Kada a Kore Ka Daga Aiki

Idan labari ya fara yawo a ofishinku cewa za a rage ma'aikata, ka duba kanka sama da ƙasa ka rasa dalili ko ɗaya da zai sa a bar ka, to kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Matakan nan bakwai an gwada su a kan mutum mai rai, wato Dogo, wanda teburinsa yake jikin nawa, kuma har yau albashinsa yana shiga. Bi su yadda na jera, na yi maka alkawari ba wanda zai taɓa kujerarka.

Dogo ya shekara goma sha ɗaya a bayan injin kwafar takardu yana buga hatimi a kan fayiloli. Ba ya makara, ba ya faɗa da kowa, ba ya neman izinin fita, saboda haka Manaja bai san sunansa ba. Ranar wata Litinin aka ce ranar Juma'a za a sallami mutum ɗaya daga sashenmu. Babu wanda ya ambaci suna, amma kowa ya saci kallon injin kwafar takardu. Dogo yana da mata da yara uku. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Mataki na 1: Gano abin da mai gidanka yake taƙama da shi

Kada ka ɓata lokaci wajen ƙara ƙwazo a aiki. Ƙwazo ba a ganinsa daga ofishin Manaja, akwai labule.

Namu Manajan ya je kwas na mako ɗaya a ƙasar waje, ya dawo da harshe mai tsada. Tun daga nan ya ce gahawar gwangwani da Inna mai shayi take dama masa cin mutunci ce. Inna kuwa dattijuwa ce da ta fi kowa daɗewa a ginin, tana ɗan kicin ɗin ƙarshen baranda, ta san cokali nawa na sukari kowa yake sha ba sai ta tambaya ba. Kullum ta kai masa, sai ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce shi a can da hannu ake tace masa, ɗigo-ɗigo. Mu duka mun sha jin wannan magana har ta gundure mu. Dogo ne kaɗai ya rubuta ta a bayan ambulan.

Mataki na 2: Sayi kayan aiki, kuma a gan su

Kana buƙatar mataci na ƙarfe, mai siffar mazurari, ramukansa sun fi kafar allura ƙanƙanta. Sai buta mai dogon wuya siriri, da ɗan sikeli, da injin niƙa na hannu, da ƙwayar gahawa soyayyiya. Jera su a kan teburinka inda fayiloli suke a da. Fayilolin su koma ƙasa, ai shekara goma sha ɗaya suna sama ba su tsinana maka komai ba.

Idan aka tambaye ka me ya sa ba ka sayi na takarda ba, ka ce takarda tana shanye maiƙon gahawar, ƙarfe kuwa yana barin komai ya wuce. Ka ƙara da cewa wannan wankewa ake yi a sake amfani da shi, kai ba ka son a sare bishiya saboda kai. Faɗi wannan da ƙarfi daidai lokacin da ƙofar Manaja take buɗe.

Mataki na 3: Niƙa a inda za a ji ka

Gari ya zama kamar yashi mai ɗan kauri. In ya yi laushi da yawa zai toshe ramukan, in ya yi tsaki ruwa zai wuce bai gaisa da kowa ba. Amma ainihin amfanin niƙa shi ne ƙara. Safiyar Talata Dogo ya yi minti huɗu yana juya hannun injin, gurr-gurr, har mai buga takardu ta rasa layin da take kai. Ƙofar Manaja ta buɗe.

Mataki na 4: Zuba ruwa kamar mai jinya

Ruwa ya tafasa, ka sauke, ka bar shi ya ɗan huce. Ɗauraye matacin da shi, ɗora a bakin kofi, auna garin, zuba. Sai ka tsiyaya ruwa kaɗan, garin ya jiƙa ya kumbura, ka tsaya rabin minti kana kallon agogo. A wannan rabin mintin ko mahaifinka ne ya yi sallama kada ka amsa. Daga nan ka ci gaba da zubawa kana kewaya butar daga tsakiya zuwa gefe, fuska a ɗaure. Duk wanda ya gan ka zai ɗauka wani babban abu ka sani.

Dogo ya kai kofin da hannu biyu. Manaja ya kurɓa, ya ce ba laifi. Sannan ya ɗaga kai ya tambaye shi ko sabon ɗauka ne. Dogo ya dawo ya zauna, ranar ko hatimi bai iya bugawa daidai ba.

Mataki na 5: Kada sabulu ya taɓa matacin, kuma ka kai shi gida

Dogo ya karanta a waya cewa sabulu yana ɓata ɗanɗano, ɗauraya ta isa. Ya tafi da kayan gida don ya ƙara gwaji, ya gama ya kife matacin a kwandon kwanuka, ya gargaɗi kowa a kan sabulu. Abin da bai yi bayani ba shi ne amfanin abin.

Da yamma matarsa ta soya kifi. Rariyarta ta daɗe da yagewa, ga kuma wani sabon mazurari mai kyau yana sheƙi a kwando. Ta tace man suyar tas a cikin kwalba, ta yaba wa hankalin mijinta da ya tuna da ita sau ɗaya, ta ɗauraye abin da ruwa zalla kamar yadda aka umarta, ta mayar inda ta gan shi.

Mataki na 6: In babba ya ji ɗanɗano, kai ma ka ji

Laraba Manaja ya tara shugabannin sassa a ofishinsa, ya aika a kira masa dogon nan mai gahawa. Dogo ya niƙa, ya auna, ya kewaya buta. Da ya zuba, sai ga wani maiƙo yana yawo a saman kowane kofi yana ƙyalli. Manaja ya shinshina, ya lumshe ido, ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Yauwa," in ji shi. "Wannan ita ce. Kun ji iskar teku a cikinta? A tsibiri ake noma irinta."

Shugaban sashen sufuri ya ce shi har gishiri-gishiri ya ji. Wata ta ce ta tuna mata da hutu. Ni ma ina wurin, na shigo da takarda a sa hannu aka miƙo mini kofi, kuma na ce lalle akwai teku. Dogo ya kurɓi ragowar, nan take ya gane abincinsa na jiya, har da gefen da ya ɗan ƙone. Gumi ya karyo masa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, Yallaɓai."

A nan Inna ta shigo kwashe kofuna. Ta ɗauki na farko, ta kai kusa da hanci, ta tsaya. Mace ce da ta shekara arba'in a gaban murhu. Ta kalli Dogo, Dogo ya kalli takalminsa. Manaja ya ce mata ta shinshina da kyau, ko ta koyi yadda gahawa take. Ta ce to, ta jera kofunan a faranti ta fita.

Matsalar nasara ita ce ana son ka maimaita. Da Dogo ya koma gida ya roƙi matarsa ta sake soya kifi ta tace man a matacin, ta ɗauka zazzaɓi ne ya taɓa masa kai. Ya yi mata bayani. Ta yi dariya har ta zauna daɓas a ƙasa tana share hawaye. Sai ta ɗago ta ga shi ba dariya yake ba, idanunsa sun yi ja.

"Baban yara, abin har ya kai haka?"

Ya ce Juma'a jibi ce. Ta tashi ta ɗora kasko.

Mataki na 7: Karɓi sakamako

Ranar Juma'a takarda ta fito. Manaja ya duba ya ga ofis yana da mutum biyu masu aiki iri ɗaya, ɗaya kuma bai san teku ba. Aka sallami Inna. Aka ce Dogo ya kwashe kayansa ya koma kicin, hatimi ko wa ya buga.

Ya same ta tana naɗe 'yar tabarmarta. Ya tsaya a bakin ƙofa, tsawonsa duk ya zame masa kaya. Ita ta yi maganar. Ta nuna masa famfon da sai an murɗa shi baya kafin ya tsaya, ta faɗa masa sukarin kowa, ta ce mai buga takardu tana da ciwon sukari amma za ta roƙa, kada ya ba ta. Ta ciro makulli daga bakin zaninta ta sa masa a hannu.

"Ka ce wa mai ɗakinka ta riƙa sauya man, ya fara daɗewa. Zai ɓata wa mutumin ciki."

"Inna, ashe kin sani?"

"Tun Laraba, ɗan nan. Nawa yaran sun girma, naka ba su girma ba."

Ta ɗauki jakarta. Ya ce zai raka ta bakin titi, ta ce ya zauna, ƙarfe goma ta kusa, Yallaɓai ba ya son jira.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Babu ruwansa da lakar da za ka tarar a gindin kofi, haka matacin ƙarfe yake. Babu ruwansa da ƙarnin da zai kama labulen gidanka, ko yaranka da za su fara kuka in sun ga kifi, ko cikin Manaja. Idan kuma ka wayi gari kamar Dogo, ka tace wa kowa gahawa amma kai ka kasa kurɓa, kana aiki a tsaye tun safe don ba ka iya zama a kan 'yar kujerar Inna da ke bayan ƙofar kicin, kada ka kawo mini ƙara. Alkawarin da na yi a kan kujerarka ne, ban ce komai a kan ta wani ba.