Wankan Jegon da Ya Tsaya a Kwatano

Yau da safe na je sayen manja wurin maƙwabciyata a kasuwa, Mama Ezinne, ta dube ni ta ce ya ƙare. Jarkoki huɗu cike a bayanta, ina kallonsu suna kallona. Na ce na gode, na koma kan buhunan dankalina na zauna. Ban ja da ita ba, don na san laifina. Tunda kuma duk layinmu an riga an ji, gara ku ma ku ji daga bakina kafin a ƙara wa labarin gishiri.

Shekara goma sha ɗaya rumfunanmu na jingine da juna. 'Yarta Ezinne, wadda a gabana ta yi wayo, tana aikin jinya a wata ƙasar Turawa, cikinta na fari kuma ya tsufa. A al'adarsu, in 'ya ta haihu uwa ce ke tattara kaya ta je ta yi mata wankan jego, ta gasa mata jiki, ta dafa mata farfesu mai yaji, ta riƙa yi wa jariri wanka har su yi ƙwari. Omugwo suke ce masa. Uwar da ba ta je ba kuwa, ko a coci sai an bi ta da kallo.

To, aka shiga neman ranar ganawa don bizar ziyara. Linus mai kafe, wanda ke cike wa mutane takardu a kwamfuta, ya duba ya ce masu girma na ofishin jakadancin Turawan da ke nan ƙasarmu sun yi mata alfarma, sun ba ta rana nan da wata goma sha huɗu. Wata goma sha huɗu! Lokacin jaririn da za a yi wa wanka ya fara tafiya, shi da kansa zai ɗauko soso. Allah ya ja zamanin Sarkin Hatimi mai buga biza, na jinjina wa wannan tsari. Matan manyanmu dai in haƙori ya yi musu tsami ranar Litinin, Laraba suna can suna ɗaukar hoto cikin dusar ƙanƙara. Ban taɓa ganin ɗayarsu a kan bencin Linus ba.

Linus ya ce akwai dabara. Ƙasar tana da wani ofishin a Kwatano, can kuma akwai gurbi nan da mako uku. Sai dai kwamfutar ba ta yarda mutum ya riƙe layi biyu, dole a saki na gida. A nan ne ni Sabitu mai dankali, wanda bai taɓa wuce Akwanga ba, na tsoma baki.

Na ce, "Madam, saki kawai. Kuma in kin shiga, ki sani Bature ba ya son cima-zaune. Kada ki ce hutu za ki je yi, sai ya ɗauka abincinsu za ki je ki cinye. Nuna masa ke mai aiki ce."

Ta ce, "Malam Sabitu, kai ya tabbata?"

Na ce, "Haba Madam, wa ke sayar wa Turawa dankali a kasuwar nan?"

Aka saki layi. Ta kama hanya kwana biyu da jaka cike da busasshen kifi da kayan yaji, wai shaida ce za ta nuna. A kowane shinge akwai mai girma da ya damu ƙwarai da tsaron ƙasa, kuma tsaron ƙasa ba ya samuwa sai ya ɗanɗana kifi. Kafin ta tsallaka iyaka saura kawuna uku da wutsiya. Tana isa masauki aka kira ta, Ezinne ta sauka lafiya, an sami namiji.

Ban shiga ofishin ba, amma na ji labarin sau tara, kowane karo da yatsa ake nuna ni. Ta ce ta tarar da Ranka-ya-daɗe Na-Bayan-Gilashi, ko ɗago kai bai yi ba.

Ya ce, "Me ya kawo ki nan? Babu ofishinmu a ƙasarku?"

Ta ce, "Oga, layin can ya yi tsawo, jikana ba zai jira ba."

Ya ce, "Me za ki je yi?"

Sai ta tuna da karatun malaminta, ta gyara tsayuwa. Ta ce, "Aiki, oga! Ni ba ya zama. Wanka, wanki, girki, goyo, tun safe. Wata uku ba hutu!"

Nan ya ɗago kai. Ya turo mata takardar hana biza ta ƙasan gilashi, ya ce bizar ziyara ba ta aiki ba ce, a ƙasarsu renon jariri sana'a ce da masu yinta. In tana da sauran magana ta koma ƙasarta ta nemi rana. Minti biyu, ko kawunan kifin ba ta samu ta fito da su ba.

Ashe a can, kaka in ta goya jikanta ta ƙwace wa wani aiki ke nan. Wanda ya ce zai je ya yi barci ya tashi ya kalli gine-gine, shi ake buɗe wa ƙofa har da murmushi. Wa zai gaya mini wannan? Linus ya ce, "Ai da ka tambaye ni." Na ce, "Kai da kake wurin, me ya riƙe bakinka?" Ya ce shi aikinsa danna kwamfuta.

Da farko har dariya na yi a ɓoye, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai shekaranjiya na ga ta jingina waya da jarkar manja tana koya wa Ezinne wankan jariri ta bidiyo. Tana cewa, "A'a, sa hannu a ƙeya, riƙe wuya!" Yaron ya canyara kuka, ta miƙa hannu za ta karɓe shi, yatsunta suka bugi gilashin waya. Wallahi kunya ta rufe ni, tausayinta ya kama ni. Na juya na yi kamar ina tsince ruɓaɓɓen dankali.

Jiya Linus ya sake duba mata layin gida. Yanzu ranar ta koma wata goma sha tara. Na zaci za ta fashe da kuka, sai na ga tana ƙirga a yatsu. Ta kira 'yarta a gaban kowa ta ce, "Ezinne, ki huta wata goma. Bayan nan ki gaya wa mijinki, jariri na biyu ya zo daidai da ranar. Kada ya riga, kada ya makara."

Ina da shawarar abin da ya kamata ta faɗa a gaban gilashi wannan karon, amma har yanzu ba wanda ya tambaye ni. Roƙona ɗaya ga Sarkin Hatimi, tunda yanzu shi ke tsara wa bayin Allah tazarar haihuwa: ya daure kada ya ɗaga ranar nan. Ciki ba ya karanta sanarwa.