Yadda Za Ka Gyara Ƙyauren Ɗakin Baƙi Kafin Surukinka Ya Iso

Ƙyauren ɗakin baƙi yana cijewa, sai an sa kafaɗa yake buɗuwa, ga shi jibi surukinka zai sauka a ɗakin. Surukin nan kuwa tsohon kafinta ne, kuma tun ranar da ya ga yadda kake riƙe guduma yake yi wa 'yarsa kallon tausayi. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ƙyauren zai daina gogar ƙasa, ko ta wace hanya ce.

1. Hana a kira kafinta

Maiɗakinka za ta ce, “Baban yara, ko a kira mai gyara? Ka san Baba da ido.” Yi dariyar manya, ka ce aikin minti biyar ne. Faɗe shi da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, don kada ka samu hanyar ja da baya.

2. Ɗora wa damina laifi

Buɗe, rufe, tsuguna, girgiza kai. Sanar da gida cewa katako ne ya sha ruwa ya kumbura. In ta tuna maka an yi wata huɗu ba a ga ko yayyafi ba, ce mata katako yana da riƙo. Za ka lura hinjin sama, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙyauren, yana ɗan rawa, sukurunsa ya saki. Kau da kai, babban ma'aikaci ba ya ɓata lokacinsa a kan ƙaramin sukuru.

3. Yanka

Aro zarto, ka ciro ƙyauren ka kwantar da shi a tsakar gida. Kada ka sa alama da fensir, wannan aikin 'yan koyo ne. Yanke faɗin yatsa biyu, ka mayar da shi. Za ka tarar yana nan yana gogar ƙasa, sai dai yanzu haske na shigowa ta sama. Ba laifinka ba ne. Ƙyaure in ya kwanta, kansa da ƙafarsa kama ɗaya suke.

4. Sake yanka

A nan gabanka zai fara faɗuwa, kuma da gaskiyarsa. Yanke ƙasan, ka ƙara yatsa ɗaya don tabbaci. Yanzu kyanwa na shiga ba sai ta sunkuya ba, ƙyauren kuma ya koma cizo ta gefe. Amma dubi ƙasa da kyau: ya daina gogarta, na cika alkawarina. In maiɗakin ta fara cewa “Garin neman gira...”, roƙe ta kada ta ƙarasa.

5. Tarbi Baba

Share garin katako, ka mayar da zarto, ka rusuna ka gaishe shi. Zai tura ƙyauren, ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Sai ya ce a ba shi ashana da wuƙar cin abinci. Zai cusa tsinke biyu a ramin sukurun da ka raina, ya ɗaure shi da bakin wuƙa. Da ɗan yatsa ɗaya ƙyauren zai rufu.

“Wane kafinta ne ya yi muku wannan ta'asa?” zai tambaya.

Maiɗakinka za ta duƙar da kai tana cizon leɓe. Ce masa, “Wani ne can, Baba, ba ka san shi ba.”

“Ka biya shi?”

“Ko sisi.”

“Madalla.” Zai miƙo hannu ya kakkaɓe maka garin katakon da ya maƙale a hularka, a hankali, yadda 'yarsa ba za ta gani ba. “Ka ce masa yankansa ya miƙe, ba laifi. Sai dai kada ya sake taɓa zarto in ba ina kusa ba.”

Ce to, Baba. Kunya za ta kama ka har tafin ƙafa, amma ya rufa maka asiri fiye da yadda ƙyauren zai rufa masa.

Hattara

Duk wanda ya bi wannan nasiha, shi da gidansa. Babu ruwana da ƙyaurenka, ko sauron da zai ci Baba ta sama da ƙasa, ko dariyar da za a riƙa yi maka duk zuwansa. Mai ƙorafi ya same ni a gida. Ba sai ya ƙwanƙwasa ba, labule ne a ƙofar ɗakina.