Ranar da Na Gyara Motar Surukina

Ko tsufa ya cinye min hankali, ba na jin zan manta da safiyar da na kai surukina sadakar uku a unguwar Koira Kano. Har yau in na ji an danna kilakson, wato ƙahon mota, a bayana, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara da mutumin. Baba, mahaifin matata Zainabu, ɗan Damagaram ne da aikin gwamnati ya kawo Yamai tun yana saurayi, ya yi ritaya a nan. Mutum ne mai tsare gida, kuma tsakanina da shi akwai surukuta irin ta da, wadda ba a rage mata komai ba. In na je gaisuwa takalmina a ƙofa yake tsayawa, in durƙusa can nesa, in tambayi lafiya ina kallon tabarma, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Shekara da shekaru muna haka, kuma abin da ke ci min rai shi ne ban san yadda ya ɗauke ni ba. Ni malamin tarihi ne a lise, wato sakandare, sana'ata surutu, ina kuma zargin a wurinsa iyakar abin da na iya ke nan.

Baba yana da wata tsohuwar motar tsere ja, ƴar ƙarama mai kujera biyu, wadda ya saya hannun wani Bature lokacin Zainabu ba a ma haife ta ba. Idonsa ya yi rauni, ya daina tuƙi, amma kullum sai an goge ta an tayar da injin. Abu ɗaya ke ɓata masa rai: tablo, wato allon katakon nan na gaban direba inda agoguna da maɓallai suke. Ranar Yamai ta gasa shi har ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan.

Wata rana Zainabu ta ce min Baba ya hana makanisiye, masu gyaran mota, taɓa motar, wai duk wanda ya buɗe ta sai ya tafi da wani abu. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Ai wannan ƙaramin aiki ne. Ki gaya masa ni zan canza."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai? Kai da ƙwan lantarki ya mutu a ɗaki muka yi sati muna lalube?"

"Ke dai ki gaya masa."

(Na kalli bidiyo biyu a salula, wani farin tsoho ya yi aikin yana murmushi. A lokacin gani nake mun zama abokan sana'a.)

Saƙo ya dawo ta bakin Zainabu, don ta nan duk maganarmu ke bi: Baba ya ce Allah ya yi albarka. Wallahi ranar tafiyata ma ta canza.

Cire tsohon bai ba ni wuya ba. Na kwance kusoshi da turnabis, wato sukudireba, na ja allon, sai ga wayoyi sun zubo kamar taliyar da ta kwana. A bidiyo kowace waya da launinta. A motar Baba duk sun zama kalar ƙasa. Na fizge su ɗaya bayan ɗaya ina ce wa kaina ai zan tuna, ni da nake riƙe sunayen sarakunan Sonrai a ka. Na kai tsohon allon kasuwar Katako, wani kafinta ya yanka min sabo a kan awonsa, ya goge, ya shafa masa barni har yana ɗaukar ido.

Mayarwa ce ta nuna min iyakata. Na kwanta rigingine a ƙarƙashin bolan, wato sitiyari, ƙafafu a waje, gumi na shiga min ido, ina cusa kowace waya inda tsawonta ya kai. Da na gama na gwada fitila, ta kama. Agogon mai ya motsa. Har abin share gilashi ya yi aiki. Abu ɗaya ne ban gwada ba, kilakson, don Baba na zaune a zaure, kuma ɗan mutunci ba ya danna kilakson a cikin gidan surukinsa. Baba ya fito, ya shafa sabon allon da tafin hannu, ya ce, "Madalla." Bai dube ni ba, amma na san da ni yake.

Ana nan sai aka yi rasuwar wani tsohon abokin aikinsa. Ranar sadakar uku Zainabu ta tashe ni da saƙo: Baba ya ce in zo in kai shi a jar motar, don da marigayin suka fara yawo a cikinta. To fa! Mota mai kujera biyu, ni da surukina kafaɗa da kafaɗa. Na sa babbar riga, na zauna a takure ina ƙoƙarin kada gwiwar hannuna ta taɓa shi.

Muna fita ƙofar gida wani mai amalanke ya gifta, na taka birki. Motar ta ce ƁAAAP! Mai amalanken ya juyo ya ɗaga min hannu, ba na gaisuwa ba. Na duba hannuwana, duka biyu suna kan bolan, ban danna komai ba. Na saci kallon Baba, yana jan carbi yana kallon gaba. Na ce a raina wataƙila tsautsayi ne.

A jar wuta ta farko na sake takawa. ƁAAAAP! Wannan karon har sai da na ɗage ƙafa ta yi shiru. Nan na gane abin da na aikata: na haɗa wayar kilakson da ta birki.

Mai hankali zai ce, "Baba, ku yi haƙuri, na yi kuskure, mu koma mu ɗauki taksi." Jimla ɗaya ce. Na shirya ta a bakina, na juya ta, na haɗiye. Yaya zan buɗe baki in ce wa mutumin da ya ce min madalla aikina ya lalace? Sai na yanke shawarar da kawai malamin tarihi zai yanke: zan ratsa Yamai ba tare da na taka birki ba.

Kuma na kusa yi! Na yi ta rarrafe a gefen kwalta, ina rage gudu da bitesi, wato giya, ina jan birkin hannu a ɓoye kamar mai sata. Masu babur na wuce mu, wata mai tallan kopto, kwaɗon zogale, a ƙafa ta kusa wuce mu. Baba dai carbinsa yake ta ja. Ni kuma ina ta godiya ga Allah da ya rage masa ji tare da gani.

Gidan rasuwar yana ƙasan wata ƴar gangara. An kafa rumfa ta tare hanya, an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun cika wurin, Zabarmawa da Hausawa, tsofaffin ma'aikata masu furfura. Muna sako kai liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, wuri ya yi tsit. Motar ta fara gangarawa. Na ja birkin hannu har ƙarshe, ta ci gaba da tafiya abinta, don na riga na cinye shi a hanya. Ga tabarmi na matsowa, ga takalman mutane. Na rufe ido na taka.

Jama'a, ban san ƴar mota irin wannan tana da murya haka ba. Liman ya tsaya a tsakiyar addu'a. Hannuwa suna sama, kawuna suka juyo gaba ɗaya. Na ɗage ƙafa, ta yi shiru ta gangara. Na taka, ta kurma ihu. Na kashe injin, ba ta fasa ba. Haka na zauna, in na saki in taka dattawa, in na riƙe in hana su addu'a. (Na sani, da na saka ta a bitesi ta tsaya. Duk wanda na ba labarin nan sai ya gaya min. Ina kuke ranar?)

Wani tsoho ya miƙe yana nuna ni da sanda. "Kai! Ɗan wane ne wannan marar kunya? Biki ka zo?"

Sai na ji ƙofa ta buɗe. Baba ya fita a hankali, ya tattare babbar rigarsa, ya sunkuya ya ɗauki dutse da hannunsa ya sa a gaban taya. Na ɗage ƙafa. Shiru ya sauka. Ya karkaɗe hannu, ya dubi tsohon ya ce, "Surukina ne."

Da ƙasa za ta yarda da na shige. Na fito na durƙusa a bakin tabarma ta ƙarshe, aka sake addu'ar daga farko, ban ɗaga kai ba har aka shafa.

A taksi muka koma, muka bar motar a kan dutsenta. Ina gaba, yana baya. Mun yi nisa sai na ji kujera na girgiza. Na ɗauka kuka yake, don abokinsa ne ya rasu. Na juya, sai na ga ya toshe baki da hannun riga, hawaye na zuba, dariya yake.

"Tun a ƙofar gida na gane birki ne," in ji shi.

Na manta da duk wata surukuta. "Baba! To don me ba ku faɗa ba?"

"Ni in dubi surukina in ce masa aikinsa bai yi ba? Jira nake ka faɗa."

"Ni ma kunyarku nake ji."

"To ai ga shi mun ji ta tare," ya ce, ya sake fashewa, har direban taksi ya kama dariya bai san dalili ba.

Wannan ce hira ta farko da muka taɓa yi ni da shi ido cikin ido. Na so ya san ni da gwaninta, ya san ni da abin da ya fi haka gaskiya, kuma bai kore ni ba. Abin da na koya dai shi ne, in ka ɓata abu ka faɗa tun kuna ku biyu a ƙofar gida. In ka tsaya jin nauyin mutum ɗaya, sai ka je ka faɗa wa unguwa guda, kuma da kilakson.